Tsakanin Haikali da Masallaci: Abin da Taswirar 'Yan Yawon Buɗe Ido Ke Ɓoyewa a Malaka

Duk baƙon da ya sauka a Malaka, tsohon birnin nan da ke gaɓar mashigin tekun da ya raba Maleshiya da tsibirin Sumatra, abin da ake fara miƙa masa shi ne taswirar gari. Ni ma ita aka miƙa mini a masauki, bayan tafiyar kamar awa biyu a mota daga Kuala Lumpur. Taswirar ta yi wa garin rabon gado. Ga wuraren Sinawa: haikali da maƙabarta da titin kasuwar dare. Ga wuraren Malayawa: fadar sarki da masallatai da unguwar gidajen katako. Ga kuma abin da Turawan Fotugal da na Holan da na Ingila suka bari. Wanda ya bi ta sau da ƙafa zai iya gamawa da Sinawa da hantsi, ya gama da Malayawa kafin la'asar, ya koma gida yana cewa gani ya kori ji.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, irin wannan rabo yana ɓoye mafi darajar abin da Malaka ta mallaka. Abin da ya sa birnin ya cancanci a yi tattaki dominsa yana can a mahaɗa, inda al'adar Sinawa da ta Malayawa suka cuɗanya har suka haifi harshe da gini da waƙa da girki waɗanda ba wanda zai ce nasa ne shi kaɗai. Wannan mahaɗa kuwa ita ce ta fi fuskantar barazana a yau, domin hukuma da kasuwa, kowace da dalilinta, sun fi son al'adar da za a iya liƙa wa suna guda. Ina kuma ganin mu da ke nazarin Hausa muna da abin dubawa a nan, ko da yake tsakaninmu da garin akwai teku da nahiya.

Garin da iska ta tara

Sai an san yadda aka yi garin kafin a fahimci abin da ake gani a titunansa. Wani basarake mai suna Parameswara, wanda asalinsa ke komawa Palembang a Sumatra, shi ya kafa Malaka wajen shekarar 1400. Arzikin wurin iska ce ta kawo shi. A wannan yanki iska takan kaɗa daga kudu maso yamma na wasu watanni, sannan ta juya ta kaɗa daga arewa maso gabas. Jiragen Gujarat da Bengal da ƙasashen Larabawa sukan zo da ɗaya, na Sin su zo da ɗayar, kuma babu mai komawa gida sai iskar ta juya. Saboda haka fatake kan yi watanni a zaune suna jira. Duk wanda ya san tarihin zango ya san abin da dogon zaman fatake ke haifarwa: masauki da dillali da tafinta, daga baya kuma aure da 'ya'ya.

Daular Ming ta Sin ta ɗauki sabuwar masarautar ƙarƙashin inuwarta, abin da ya kare ta daga Siyam. Parameswara da kansa ya je fadar Sin a 1411, kuma ayarin jiragen Zheng He, babban kwamandan ruwa wanda ya fito daga gidan Musulmi a lardin Yunnan, ya riƙa yada zango a Malaka a cikin tafiye-tafiye bakwai da ya yi tsakanin 1405 da 1433. Sarakunan garin suka karɓi Musulunci, suka tsara dokokin ƙasa da na teku, suka naɗa sarakunan tasha guda huɗu da ake kira shahbandar, kowane yana kula da fataken wani yanki na duniya. Tomé Pires, Bafotugalen da ya zauna a garin jim kaɗan bayan cin sa da yaƙi a 1511, ya rubuta cewa ana jin harsuna 84 a tasharsa. Domin mai karatu ya daidaita zamani, mulkin Sultan Mansur Shah, daga 1459 zuwa 1477, ya haɗu da farkon mulkin Muhammadu Rumfa a Kano, wanda ya hau a 1463. A lokacin da ake kafa Kasuwar Kurmi, can ma wata kasuwa ce ke mayar da ƙaramin gari babbar daula.

Bayan Fotugal sai Holan ta karɓe garin a 1641, sannan yarjejeniyar 1824 ta miƙa shi ga Ingila. Masu mulki suka riƙa sauyawa, amma mazauna bakin kogin suka ci gaba da auratayya da ciniki da aron kalmomi. A 2008 hukumar UNESCO ta sanya Malaka da George Town ta Penang cikin jerin wuraren tarihi na duniya, kuma hujjar da aka bayar ita ce wannan cakuɗuwa ta al'adu da ciniki ya haifar.

Titi ɗaya, ɗakunan ibada uku

Wurin da ya fara karya mini rabon taswirar wani ɗan siririn titi ne a tsohon gari, wanda sunansa ke sauyawa daga Titin Maƙera zuwa Titin Maƙeran Zinariya zuwa Titin Haikali. A tafiyar da ba ta wuce ta minti biyar ba mutum zai wuce ɗakunan ibada uku. Akwai haikalin Hindu na Sri Poyyatha, na shekarar 1781. Akwai masallacin Kampung Kling, wanda fatake Musulmi daga kudancin Indiya suka fara ginawa da katako a 1748, aka sake shi da tubali a 1872. Akwai kuma haikalin Cheng Hoon Teng, wanda aka kafa a shekarun 1640, mafi tsufa cikin haikalan Sinawa da ake ibada a cikinsu a Maleshiya.

Na yi sallar azahar a Kampung Kling, kuma na daɗe a harabarsa ina kallo. Masallacin ba shi da ƙubba. Rufinsa hawa uku ne masu tsini, irin na tsofaffin masallatan Jawa da Sumatra. Hasumiyarsa tana tsaye daban, tana ƙanƙancewa hawa-hawa kamar hasumiyar haikalin Sinawa. Ginshiƙan ciki salon Turai ne, tayil ɗin da aka yi wa bango ado da shi daga Turai aka kawo, sassaƙar mumbarin kuma tana ɗauke da hannun masassaƙan Sin da na Indiya. Duk da haka babu mai shiga ya yi shakkar cewa masallaci ya shiga, alƙibla tana inda take, liman yana karanta abin da limamin Kano ke karantawa. A wane gurbi na taswira za a ajiye wannan gini? In an ce na Malayawa ne an manta waɗanda suka gina shi. In an ce na Indiyawa ne an manta rufinsa da hasumiyarsa da jama'ar da ke cika sahunsa.

Haikalin Cheng Hoon Teng shi ma ya wuce wurin ƙona turare. A zamanin Holan nan ne mazaunin Kapitan Cina, wato shugaban da hukuma ta amince ya riƙe al'ummar Sinawa, ya yi musu shari'a, ya tsaya tsakaninsu da masu mulki. Wanda ya karanta nazarin Abner Cohen na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, ko ya san matsayin Sarkin Zango a Kumasi, ba ya bukatar dogon bayani kan wannan muƙami. Baƙi 'yan kasuwa a ko'ina sukan nemi uban gida, da wurin ibada, da maƙabarta, kuma daga waɗannan ukun al'umma ke tsira.

Gidan yana nan, harshen ya yi ƙaura

A titin Tun Tan Cheng Lock, wanda ke kwance daura da sanannen titin Jonker, akwai jerin gidajen attajiran da ake kira Baba da Nyonya, ko Peranakan. Kalmar ta fito daga anak, wato ɗa, ma'anarta kuwa haifaffen ƙasa. Zuriya ce ta fataken Sin, yawancinsu masu jin Hokkien, da suka auri matan yankin. Namiji Baba, mace Nyonya. Gidajensu ƙunci ne ta fuska, amma suna da zurfi ƙwarai, da tsakar gida buɗaɗɗiya a tsakiya domin haske da iska da ruwan sama. Ɗaya daga ciki, gidan zuriyar Chan, an mayar da shi gidan tarihi a 1985. A zauren farko akwai kujerun baƙin katako da aka yi wa ado da ɓawon kifin lu'ulu'u, da allunan rubutun Sinanci, da wurin girmama kakanni. Da an shiga ciki sai a tarar da madafa irin ta Malayawa, da turmin daka kayan yaji, da zane da rigar kebaya, da akwatin ganyen sirih da ake taunawa ana kuma miƙa wa baƙo, kusan matsayin goro a wurinmu.

Abin da gidan tarihin ba zai iya ajiyewa a cikin gilashi ba shi ne harshen da aka yi magana da shi a waɗannan ɗakuna. Malayancin Baba harshe ne da ƙashin bayansa Malayanci, amma ya ɗauki kalmomin dangantaka da na ibada da wasu wakilan suna daga Hokkien, kamar gua a matsayin ni da lu a matsayin kai. Harshe ne da ya yi adabi. Tsakanin 1892 da 1896 Chan Kim Boon ya fitar da fassarar shahararren labarin Sinawa na Dauloli Uku a juzu'i 30 cikin wannan harshe, da haruffan Rumawa, domin jikokin Sinawa da ba sa iya karanta Sinanci. A yau masu jin harshen sosai tsofaffi ne ƙalilan. Jikokinsu sun koma Ingilishi, ko Sinancin Mandarin na makaranta, ko daidaitaccen Malayanci. Haka abin yake ga Chitty, zuriyar fataken Tamil da suka zama masu jin Malayanci, da Kristang, zuriyar Fotugal masu nasu harshen.

Aron bai tsaya a gefe ɗaya ba. Malayancin kowa da kowa cike yake da kalmomin Hokkien: teh, shayi, mi, taliya, tauhu, awara, kuih, kayan ƙwalama, har da beca, keken nan mai ƙafa uku da ake ɗaukar baƙi a kai. Waƙar dondang sayang, wadda UNESCO ta amince da ita a 2018, mawaƙa biyu ne ke musayar baitocin pantun nan take, ana rakiya da goge irin na Turawa da ganguna da ƙararrawar tagulla, kuma Malayawa da Baba da Chitty da zuriyar Fotugal duk suna yin ta. Shi pantun baiti ne mai layi huɗu, biyun farko su zana hoto daga halitta, biyun ƙarshe su fito da manufa. Gwanintar ita ce mayar da martani kafin numfashin abokin karawa ya sauka. Irin wannan fasaha ba ta rayuwa sai da masu sauraro da suka san harshen har cikin ɓargo. Ana iya biyan mawaƙa su yi ta a dandali domin baƙi, amma in babu wanda zai yi dariya a inda ya kamata a yi dariya, an riga an yi hasara.

Fadar da aka sāke da rubutun da ya ja baya

A ɓangaren Malayawa, taswira ta fara aika ni fadar sarki da ke gindin tudun St. Paul. Ginin katako ne mai ban sha'awa, sai dai an gina shi ne a shekarun 1980, bisa siffar fadar Mansur Shah kamar yadda littafin Sulalatus Salatin ya bayyana ta. Ta ainihin ba ta bar ko ginshiƙi ba. Ban ga laifin sāke ginawa ba muddin an faɗa wa baƙo gaskiya, kuma an faɗa. Abin lura shi ne wanda ya tsira daga daular littafi ne, kuma daga littafin aka ciro ginin. Wannan ya isa ya nuna inda gadon Malayawa ya fi nauyi.

Na fi samun abin da nake nema a Kampung Morten, unguwar Malayawa da ke lanƙwasar kogi, wadda aka kafa a shekarun 1920. Gidajen katako ne a kan dirkoki, da matakalar dutse mai ado da tayil masu furanni, wanda shi ma ta hanyar ciniki ya shigo. Mutane na zaune a cikinsu, ana shanya, ana girki, yara na dawowa daga makarantar allo ta yamma. Dogayen benaye sun kewaye unguwar ta kowane gefe, kamar masu jiran gado.

A allunan masallatai da na wasu tituna, da kan takardar kuɗin ringgit, akwai rubutun da ya sa na ji kamar ina gida. Sunansa Jawi, wato Malayanci da haruffan Larabci, ajaminsu ke nan. Mafi tsufan shaidarsa dutsen Terengganu ne, wanda aka fi danganta shi da shekarar 1303. Kamar yadda malamanmu suka yi dabarar rubuta sautukan da Larabci ba shi da su, haka su ma suka ƙara ɗigo a kan wasu haruffa domin ca da nga da pa da ga da nya. Kunnen Bahaushe kuma ba ya rasa abin kamawa: Isnin, Selasa, Rabu, Khamis, Jumaat, Sabtu, Ahad, waktu, khabar, dunia, ilmu, adat. Bambancin da mai nazarin harshe zai lura da shi nan take shi ne Hausa ta haɗiye harafin al na Larabci a kalmomi irin su Litinin da Laraba da Alhamis da labari da lokaci da al'ada, Malayanci kuwa ya yar da shi.

Makomar rubutun ma ta yi kama da tamu. Dokar harshen ƙasa ta shekarun 1960 ta tabbatar da haruffan Rumawa a matsayin rubutun hukuma, Jawi ya koma na addini da na ado. A 2019, da ma'aikatar ilimi ta so shigar da ɗan darasin Jawi a makarantun firamare na Sinawa da na Tamil, sai ƙura ta tashi, domin iyaye da yawa sun ɗauke shi a matsayin ƙofar musuluntar da 'ya'yansu, har aka rage darasin aka mayar da shi na zaɓi. Wanda ya tuna muhawarar cire ajami daga ƙananan takardun naira a 2007, da daga naira ɗari a 2014, ya san wannan rawa da kiɗanta. Rubutun da aka yi ciniki da wasiƙa da tatsuniya da shi ya wayi gari tutar ɓangare guda.

Mutumin da ba shi da gurbi a taswira

In ana neman mutum ɗaya da ya tattara Malaka a jikinsa, Abdullah bin Abdul Kadir ne, wanda aka fi sani da Munshi Abdullah. An haife shi a garin a ƙarshen ƙarni na 18, jininsa na Larabawan Yaman ne da Tamil. Ya yi wa Stamford Raffles aikin magatakarda, ya koyar da 'yan mishan Malayanci, ya yi aiki a maɗaba'arsu. Tarihin rayuwarsa, Hikayat Abdullah, an buga shi da Jawi a Singafo a 1849, kuma a ciki ya ba da labarin yadda ya ga Ingilishi suna fasa ganuwar Fotugal da albarushi a 1807, aikin da bai bar komai ba sai ƙofa ɗaya da baƙi ke ɗaukar hoto a gabanta yau. Ya rubuta labarin tafiyarsa zuwa Kelantan, ya rasu a ƙasar Hijaz a 1854 a tafiyar aikin hajji.

Ana kiransa uban adabin Malayanci na zamani, ana kuma zarginsa da yabon Turawa da sukar sarakunan Malayawa. Masu nazarin Abubakar Imam da dangantakarsa da Rupert East a Hukumar Talifi ta Zariya za su gane tambayoyin da ake yi a kansa: ina iyakar muryar marubuci, ina ta ubangidansa, kuma wa ya amfana da sabon salon? Abin da ya fi jan hankalina shi ne mutumin da ya buɗe wa Malayanci sabon babi ba Bamalaye ne tsantsa ba ta wajen jini. Harshe ne ya ɗauke shi ɗa, shi kuma ya yi masa hidima.

Hujjar masu rabo

Adalci ne a saurari ɗaya ɓangaren, domin rabon nan ba taswira ce ta ƙirƙire shi ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Turawan Ingila sun shigo da ɗimbin ma'aikata daga Sin da Indiya domin haƙar kuza da noman roba, suka kuma raba jama'a bisa sana'a da unguwa da makaranta. Bayan samun 'yanci a 1957, rashin daidaiton arziki ya kai ga rikicin 13 ga Mayu, 1969 a Kuala Lumpur, wanda alƙaluman hukuma suka ce ya ci rai 196. Daga nan aka fito da Sabon Tsarin Tattalin Arziki a 1971, mai fifita 'yan ƙasa na asali. Sashe na 160 na tsarin mulki ya fayyace Bamalaye da cewa shi ne Musulmi, mai magana da Malayanci a al'adance, mai bin al'adun Malayawa. Bisa wannan ma'auni, Baban da kakanninsa suka yi ƙarnuka a Malaka, wanda ba ya jin kowane harshe sai Malayanci, Basine ne a takarda, daidai da wanda kakansa ya sauka daga jirgi a 1920. Wanda takarda ta ce masa Basine, makaranta da siyasa za su koya masa zama Basine.

Masu kare rabo za su ce shi ne ya ceci wasu wuraren, kuma suna da gaskiya. Bukit Cina tudu ne a tsakiyar gari mai kaburbura fiye da 12,000, wasu tun zamanin Ming. A 1984 gwamnatin jiha ta so baje shi domin gine-gine, kuma gangamin al'ummar Sinawa, a matsayinsu na Sinawa, shi ya hana. Da ba su da suna guda da murya guda, da tudun ya tafi. Amma ko a nan mahaɗar tana leƙowa. Labarin da ya ba tudun daraja, na gimbiya Hang Li Po da aka ce Sarkin Sin ya aurar wa Mansur Shah, a littafin Malayawa yake, kundin daular Ming bai ambace ta ba. Tudun Sinawa ne da tatsuniyar Malayawa ke yi wa gadi.

Masu kare kasuwa su ma za su ce kuɗin baƙi ne ya hana tsofaffin gidaje rushewa. Wannan ma haka ne. Sai dai tun da dokar ƙayyade kuɗin haya ta daina aiki a shekarar 2000, zama a tsohon gari ya yi wa masu ƙananan sana'o'i tsada. Titin Maƙera ya kusa rasa maƙera. A daren Juma'a da Asabar da Lahadi titin Jonker kan cika maƙil, ana sayar da kayan tsaraba irin waɗanda za a samu a kowace kasuwar dare a Asiya, kekunan beca kuma sun sha ado da 'yan tsanan katun da fitilu da amon kiɗa. Teku ma an ture ta baya da cike gaɓa, har ƙofar ganuwar da a da take kallon ruwa yanzu kantuna take kallo. Ban ce a kori baƙi ba, ni ma baƙo ne, kuma na sha cendol da sukarin dabinon Malaka na ji daɗi. Abin da nake cewa shi ne kasuwa tana iya biyan kuɗin fenti da rufi, amma ba ta biyan kuɗin maƙwabtaka, kuma maƙwabtaka ce ta gina hasumiyar Kampung Kling.

Abin da ya shafe mu

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Agadas ta shiga jerin UNESCO a 2013, hawan sallar Kano ya samu amincewa a 2024, a zama ɗaya da rigar kebaya, ganuwar Kano kuma tana jerin jira tun 2007 alhali ana cin ta da gine-gine. Ko ba jima ko ba daɗe za a zana wa biranenmu irin wannan taswira, kuma masana ne za a tambaya me za a rubuta a kai. A nan nake ganin nauyi a wuyanmu.

Hausa, kamar Malayanci, harshen kasuwa ne da ya zama harshen uwa ga miliyoyin da kakanninsu ba su san shi ba. Sunayen unguwannin birnin Kano kaɗai sun isa shaida: Alfindiki da Dandalin Turawa na Larabawan arewacin Afirka, Ayagi ta Yarabawa, Tudun Nufawa, Zangon Barebari, Agadasawa. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda suka riƙe fataucin goro zuwa Gwanja, Hausawa ne da asalinsu ke wani wuri. Su ne Baba da Nyonyarmu, sai dai su addini ɗaya ya sauƙaƙa musu narkewa. Idan muka bar nazarinmu ya karkata ga neman Bahaushe tsantsa, ko muka bar muhawarar asali da ake yi yanzu a kafafen sada zumunta ta zama ita ce ma'auni, za mu yi wa kanmu abin da sashe na 160 ya yi wa Baba. Hausar zangon Kumasi da Accra, da ta Sudan, da ta barikin soja, da ta Sabon Gari, sun cancanci a naɗe su a rubuta nahawunsu tun masu su na raye, a daina kallonsu a matsayin gurɓatacciyar Hausa. Malayancin Baba ma an daɗe ana yi masa kallon gurɓataccen Malayanci, sai da ya kama hanyar kushewa aka gane harshe ne.

Akwai kuma bashin rubutu. Adabin tafiye-tafiye na Hausa, tun daga labarin Dorugu da Schön ya buga, zuwa Tafiya Mabuɗin Ilmi na Abubakar Imam da Motsi Ya Fi Zama na Aminu Kano, fuskarsa Turai take kallo, in ba hanyar Makka ba. Alhali a 'yan shekarun nan malaman jami'o'inmu da yawa a Maleshiya suka yi digirinsu na biyu da na uku, 'yan kasuwarmu kuma sun san Guangzhou kamar Kantin Kwari. Sun dawo da takardun shaida da kwantenoni, amma kaɗan ne suka dawo da littafi da Hausa kan abin da suka gani. Kwatanta Jawi da ajami, ko pantun da gajerun baitocinmu na gaɗa da karin magana, ko Munshi Abdullah da Imam, aiki ne da ba wanda ya fi su cancantar yi, kuma ba sai an bi ta Landan ba.

Shawarata ga duk wanda Allah ya kai shi Malaka cikinmu ita ce ya karɓi taswirar, domin baƙo ko da ido makaho ne, amma ya riƙa tambayar kowane gini wa ya gina shi, wa ya sassaƙa ƙofarsa, da wane harshe aka yi cinikin tubalinsa. Ya tambayi mai abinci abin da ke cikin tukunya, domin girkin Nyonya wani da naman alade ake yi, wani kuma halal ne, kuma amsar da za a ba shi ita kanta darasi ce kan inda cuɗanya ta tsaya da inda ta wuce. Ya zauna a harabar Kampung Kling har a kira la'asar, lokacin da ƙamshin turaren Cheng Hoon Teng ke biyo iska ya iso alwala. Sannan in ya dawo gida ya shiga Kurmi da irin wannan idon, ya rubuta mana abin da ya gani da Hausa.